Aron Suna a Harkar Bashi: Wa Ake Rubutawa, Wa Ke Biya?

Cikin 'yan shekarun nan wata shawara tana yawo a wayoyin jama'a, galibi a gajerun bidiyon da ake turawa ta WhatsApp da TikTok. Wai mutum ya sa sunan ɗansa ko matarsa a kan katin bashinsa, kafin yaron ya mallaki hankalinsa ya riga ya yi suna a wurin bankuna, duk ranar da ya nemi rance sai a ba shi ba da wata wahala ba. Shawarar tana da tushe, sai dai daga Amurka aka yanko ta, inda doka da tsarin banki suka ba ta gindin zama, aka kawo ta Nijeriya, ƙasar da, a binciken Bankin Duniya na 2021, masu katin bashi ba su kai kashi 3 cikin 100 na manyan mutane ba.

A Sandamu da sauran ƙananan hukumomin masarautar Daura, wato Daura, Baure, Zango da Mai'adua, abin da aka fi sani wani abu ne mai kama da wannan a fuska: mutum ya ba wani lambarsa ta BVN ko asusunsa a karɓi rance da su. Sakamakon ne ya sha bamban. A tsarin Amurka mutum yana samun suna ba tare da bashi ya hau kansa ba. A nan kuwa sau da yawa bashin ne yake hawa kansa, kuɗin kuma suna aljihun wani.

Kalmomin da ake cakuɗawa

Katin da ke aljihun yawancinmu, mai tambarin Verve ko Mastercard ko Visa, wanda ake miƙa wa mai POS ya ciro kuɗi, katin cire kuɗi ne. Abin da mutum ya ajiye shi yake ɗiba, ranar da asusu ya ƙare kati ya tsaya. Katin bashi dabam yake. Banki ne yake yanka wa mai shi iyaka, a ce naira 500,000, ya riƙa kashewa daga kuɗin bankin, ƙarshen wata a kawo masa lissafi. In ya biya duka a kan lokaci shi ke nan, in ya bar saura sai kuɗin ruwa ya hau kai. Saboda haka ko shekara ashirin mutum ya yi yana sa katin cire kuɗi a na'ura, bai ci bashin kowa ba, babu abin da za a rubuta masa.

Tarihin bashi shi ne kundin da ke nuna rancen da mutum ya taɓa karɓa, nawa ne, daga wa, da yadda ya biya. Kamfanoni uku ne ke da lasisin Babban Bankin Nijeriya na tattara shi: CRC Credit Bureau, FirstCentral da CreditRegistry. Daga kundin ake fitar da maki, wato lamba guda da mai ba da rance zai duba ya ƙiyasta ko za a biya shi. BVN kuwa lamba ce mai alƙaluma 11 da Babban Banki ya ƙaddamar a Fabrairun 2014, haɗe da hoton yatsu da na fuska, kuma duk asusun da mutum ya buɗe a kowane banki yana komawa gare ta.

Sai matsayi huɗu, waɗanda cakuɗa su ne ya haifar da ruɗanin. Akwai mai asusu, wanda ya sa hannu a yarjejeniya, bashin nasa ne. Akwai mai izini, wanda mai asusu ya sa banki ya ba shi ƙarin kati: yana kashewa, amma doka ba ta ɗora masa biya ba. Akwai abokin tarayya, wanda suka buɗe asusun tare, ana iya bin kowannensu. Akwai kuma mai tsayawa, wanda ake cewa garanto, fiƙihu kuma ya kira aikinsa lamuni: bai taɓa kuɗin ba, amma in mai bashi ya gaza shi za a kama. Mai izini da mai tsayawa kishiyoyin juna ne, ga shi kuwa su biyun aka fi ɗauka abu guda.

Yadda abin ya faro a Amurka

Asalinsa matsalar matan aure ce. Kafin tsakiyar shekarun 1970, bankunan Amurka suna rubuta asusun gida da sunan miji kaɗai. Mace ta yi shekara talatin tana riƙe lissafin gida tana biyan komai a kan kari, ranar da mijin ya rasu ko aure ya mutu sai ta je banki a ce ba a san ta ba. A 1974 majalisar dokokin ƙasar ta kafa dokar daidaita damar samun bashi, ƙa'idojin da suka biyo bayanta kuma suka wajabta wa masu ba da rance, in za su kai rahoto, su nuna sunan miji da mata a duk asusun da dukansu ke da izinin amfani da shi. Bankuna da yawa ba su tsaya tantance wace ce mata, wane ne ɗa ko aboki ba, sai suka riƙa kai rahoton duk wani mai izini ga manyan kamfanonin tattara tarihin bashi uku na ƙasar, Equifax, Experian da TransUnion. Ta nan ƙofar ta buɗe ga kowa.

Ma'aunin da aka fi amfani da shi a can, FICO, yana tashi daga 300 zuwa 850. Kashi 35 cikin 100 na makin daga biya a kan lokaci yake fitowa, kashi 30 daga yawan abin da ake bin mutum, kashi 15 daga daɗewar tarihinsa, sauran kashi 20 kuma daga sababbin basuka da ire-iren rancen da yake da su. Idan uba yana da kati ɗan shekara goma sha biyar wanda bai taɓa makara a biyansa ba, ya sa 'yarsa a kai, tarihin katin yakan bayyana a kundinta, sai ta samu rabo a manyan ɓangarorin nan uku tun ba ta taɓa cin bashin sisi ba. Ba ma dole ne katin ya shiga hannunta ba. Wasu bankunan suna karɓar yaro ɗan shekara 13, wasu ba su sa iyakar shekaru ba. Hanyar ta ƙara karɓuwa bayan dokar 2009 da ta hana ba ɗan ƙasa da shekara 21 katin kansa sai ya nuna hanyar samun kuɗi ko ya kawo wanda zai sa hannu tare da shi. Hukumar kare masu hulɗa da cibiyoyin kuɗi ta Amurka ta gano a 2017 cewa kusan mutum ɗaya cikin goma ta wannan hanya ya fara samun kundi.

Abin da masu bidiyo ba su cika faɗa ba shi ne ƙofar da alheri ya shigo ta nan sharri ke shigowa. A ɗauka iyakar katin dala 10,000 ce. In abin da ake bi dala 1,000 ne, an ci kashi 10 ke nan, wannan yana ɗaga maki. In uban ya shiga matsi ya ci 9,000, ko ya yi latti da wata guda, makin 'yar ma yana iya faɗuwa, alhali ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Shi ma mai asusun yana cikin haɗari, domin duk abin da mai izini ya kashe a wuyansa yake, ko da sun ɓata. Sauƙin da mai izini yake da shi guda ne: yana iya neman a cire sunansa, galibi kuma asusun ya fita daga kundinsa. Mai tsayawa ba shi da wannan mafita.

Ko a ƙasashen Turawan ma ba ko'ina abin yake aiki ba. A Ingila, mai ƙarin kati ba ya gina tarihin komai, domin asusun a kundin mai shi kaɗai yake fitowa. Ɗalibi ko likita ɗan Daura da ke zaune a can, in ya bi shawarar da aka tsara don mazauna Amurka, lokacinsa kawai zai ɓata.

Da abin ya zama kasuwa

A Amurka, tunda ba a tambayar dangantaka, sai wasu kamfanoni suka shiga dillanci. Mai kyakkyawan kati ya ba da hayar gurbi, baƙon da bai taɓa gani ba ya biya ɗaruruwan daloli a sa sunansa na 'yan watanni, makinsa ya tashi, ya je ya karɓi rancen gida ko na mota, sannan a cire shi. A 2007 kamfanin da ke da FICO ya ce sabon ma'auninsa zai daina lissafa asusun masu izini kwata-kwata. A 2008 ya janye, bayan an nuna cewa hakan zai cutar da miliyoyin matan aure kuma zai sa masu ba da rance su saɓa wa dokar 1974. Maimakon haka sai ya ce ya gyara lissafin yadda hayar suna ba za ta yi tasiri sosai ba. A 2020 hukumar kula da kasuwanci ta tarayyar Amurka ta gurfanar da wani kamfani mai suna BoostMyScore kan irin wannan sana'a.

Har yau ra'ayi biyu ne. Masu goyon baya suna cewa ba a ba mutum bashi sai yana da tarihi, ba ya kuma samun tarihi sai an ba shi bashi, don haka dole a bar wata ƙofa da sabon shiga zai bi. Masu suka suna cewa makin da aka samu ta haka ba ya nuna halin mai shi, zanen aro kuwa ba ya rufe katara. Kuma tsarin ya fi amfanar ɗan da ubansa ya riga ya yi suna, ɗan talaka ya tashi a tutar babu. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Abin lura dai shi ne masu ba da babban rance, kamar na sayen gida, sukan buɗe kundin su duba, in suka ga duk abin da ke ciki na wani ne sai su nemi ƙarin hujja.

Abin da kasuwarmu ta riga ta sani

Bahaushe bai jira banki ba kafin ya san shiga inuwar sunan wani. Abner Cohen, a littafinsa na 1969 kan Hausawan unguwar Sabo a Ibadan, ya nuna yadda fataucin shanu ya dogara a kan mai gida: shi ke saukar da baƙon da ya kawo dabbobi daga arewa, yaransa dillalai su nemo mai saye, a ba mahauci shanu bashi, in mahaucin ya ƙi biya mai gida ne zai cika. Har gobe haka yaron shago yake a Kantin Kwari ko a kasuwar Daura. Ya je wurin babban dila ya ɗauko bandir goma na yadi ya ce a rubuta a sunan Alhaji, dila ya buɗe littafi ya rubuta, ba ya ko ɗaga kai. Yaron mai izini ne, bashin na Alhaji ne. Bayan shekaru, in ubangidansa ya sallame shi, dilan nan zai iya ba shi kaya da sunan kansa, domin ya ga yadda yake kawo ciniki da yadda yake cika alkawari.

Amma a lura da dalilin da ya sa wannan yake aiki. Dila yana ganin yaron da idonsa, ya san gidansu, ya san wanda zai kai wa ƙara. Kwamfutar banki ba ta ga kowa ba. Lamba take gani da sa hannu, kuma ba ta da gurbin da za a rubuta cewa wane ne ya ci kuɗin amma da sunan wane aka karɓa. Mutanenmu da yawa suna shiga harkar banki da tunanin kasuwa, suna zaton in magana ta tashi za a zauna a fahimci juna.

Yadda doka take a Nijeriya

Dokar Amurka ta 1974 ba ta aiki a nan. Tamu ita ce dokar rahoton bashi da Farfesa Yemi Osinbajo ya sa wa hannu a Mayun 2017, lokacin yana muƙaddashin shugaban ƙasa. A ƙarƙashinta bankuna da sauran masu ba da rance suna aika bayanan masu bashi ga kamfanonin tattarawa, ana ajiye su aƙalla shekara 6, kowa kuma yana da haƙƙin karɓar rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara. Wasu bankunanmu suna ba da ƙarin kati ga mata ko ɗa, amma yarjejeniyar bashin tsakanin banki ne da mai asusu. Wanda yake son ya yi haka don gina wa ɗansa suna, ya fara tambayar bankin a rubuce ko zai kai rahoto da sunan yaron.

Daga 1 ga Agusta 2020 kuma aka fara aiki da tsarin GSI, wato umarnin da mai karɓar rance yake sa wa hannu cewa in ya gaza biya, a ɗebi uwar kuɗi da ruwanta daga duk wani asusu da ke haɗe da BVN ɗinsa a kowane banki. Tsohuwar dabarar nan ta a ci bashi a nan a koma ajiya a can ta mutu ke nan.

Nan ne aron suna ya fi ciwo. A 2020, da annobar korona ta zo, Babban Banki ya ware naira biliyan 50 a matakin farko don rancen magidanta da ƙananan 'yan kasuwa ta hannun bankin NIRSAL, magidanci har zuwa naira miliyan 3. Rance ne mai ruwa da wa'adi, amma a garuruwa da yawa na arewa sunan da ya bi shi shi ne tallafi. Masu shiga tsakani suka yi ta bi unguwa-unguwa da takarda da biro suna rubuta suna, lambar waya da BVN. In saƙon lambar sirri ya shigo wayar mutum sai a ce ya karanto, in kuɗi suka faɗo a yanki kaso a ba shi saura. Da lokacin biya ya yi, aka fara cira daga asusun masu sunan, cikakken bashin ne a kansu har da kason da ba su gani ba. Manomin da ya sayar da wake ko riɗi ya sa kuɗin a asusu don sayen taki, ya wayi gari an kwashe, ba shi da wanda zai kama, domin takardar ta nuna shi ne ya karɓa.

Shirin rancen manoma da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015 ya zo da wani salon: manoma suna shiga ne rukuni-rukuni suna tsaya wa juna, don haka gazawar ɗaya tana iya shafar sauran. A 2023 Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya ce kashi 24 cikin 100 kaɗai aka biya, Babban Banki ya musanta ya ce an haura kashi 52. Ko wane adadi aka ɗauka, sunayen manoma da yawa suna ɗauke da bashin da bai fita ba.

Akwai kuma wanda ya fi wannan muni. A Yulin 2025 hukumar EFCC ta yi gargaɗi kan matasa masu bi suna sayen bayanan NIN da BVN a hannun mutane a kan naira 1,500 zuwa 2,000, ana buɗe asusu da su a yi zamba. In kuɗin sata suka bi ta asusun, ƙofar mai sunan za a fara ƙwanƙwasawa.

Mahangar malamai

Majalisar fiƙihu ta Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Riyad a 2000, ta yanke cewa bai halatta a yi hulɗa da katin bashin da aka sharɗanta ruwa a kansa ba, ko da mai shi ya ƙudurta biya kafin ruwan ya hau. Wasu malamai sun sassauta wa mazauna ƙasashen da rayuwa ke wuya ba tare da kati ba, da sharaɗin biya duka a kan lokaci. Lamuni kuwa halal ne kuma taimako ne, amma jumhurun malamai sun hana karɓar lada a kansa, balle hayar suna da aka gina a kan ɓoye wa mai ba da rance gaskiya. Aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma ta ce wanda ake bi shi ne zai yi shifta. Aron suna yana warware wannan tun daga tushe, tunda wanda aka rubuta dabam, wanda ya ci dabam.

Wanda yake gudun riba ba dole ne ya zauna babu kundi ba. Akwai bankunan da ba sa hulɗa da kuɗin ruwa: Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank a 2019, Lotus a 2021, dukansu a ƙarƙashin Babban Banki suke. In banki irin wannan ya sayi babur ko injin ban ruwa ya sayar wa mutum a kan biya kaɗan-kaɗan, biyan nan yana shiga tarihinsa kamar kowane rance.

Mata, da waɗanda ba a rubuta ba

Binciken EFInA na 2023 ya nuna kashi 26 cikin 100 na manyan 'yan Nijeriya ba sa hulɗa da kowace irin cibiyar kuɗi, a arewa maso yamma kuma adadin ya kai kashi 47. A garuruwa irin su Fago, Karkarku da Rijiyar Tsamiya akwai mata masu man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, masu kiwon awaki, masu ɗinki a cikin gida, waɗanda suka yi shekaru suna zubin adashi ba su taɓa tsallake zubi ba. A unguwa kowa ya san amanarsu. Amma in mai saye zai turo kuɗi, lambar asusun miji ko ta ɗa ake bayarwa. Masu ba da rance na zamani suna duba shige da ficen kuɗi a asusu kafin su yanke hukunci, don haka guminta yana gina sunan wani. Wani lokaci ma juyin ya fi haka: BVN ɗinta ake karɓa a nemi rance, tunda nata bai ɓaci ba. Matsalar da ta sa Amurka kafa dokar 1974 ke nan, kuma a ganina ita ce ta fi cancantar hankalin masu tsara manufofi a jihar Katsina fiye da batun ƙarin kati.

Abin da ake hange

Nauyin tarihin bashi ƙaruwa zai yi. A 2024 gwamnatin tarayya ta kafa CREDICORP don faɗaɗa rancen sayen kayan masarufi, ta fara da ma'aikatan gwamnati, a 2025 kuma shugabanninta suka bayyana shirin haɗa tarihin bashin kowa da lambarsa ta NIN. Malamin firamare a Sandamu da ya ba ɗan'uwansa BVN shekarun baya, yana iya zuwa neman rancen sola ko babur a ce masa akwai tsohon bashi a kansa.

Uban da ke son ɗansa ya yi suna a banki, hanyar da ta tabbata a nan ita ce yaron ya buɗe asusu da sunansa, cinikinsa ya riƙa bi ta ciki, in ya kai munzali ya karɓi ƙaramin abin da zai iya biya, ya biya a kan kari. Wanda kuma ya taɓa ba da lambarsa, ya nemi rahotonsa na kyauta a ɗaya daga kamfanonin tattara tarihin bashi uku na Nijeriya ya ga abin da aka rubuta. In ya tarar da rancen da bai sani ba, doka ta ba shi damar ƙalubalantarsa a rubuce a wurin kamfanin da kuma bankin, in ba a warware ba ya kai ƙara sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki. Wanda aka sace wa bayanai yana da hujja mai ƙarfi a wannan mataki. Wanda ya karanto lambar sirri da bakinsa kuma ya karɓi kaso, da wuya a sauke masa bashin, abin da ya rage masa shi ne ya nemi bankin ya sake tsara masa biya, ya kuma nemi shaidu a kan wanda ya ci sauran kuɗin.